Neman tarihin Nuvolari na gaskiya a tsakanin kirari da takarda

Duk wanda ke zaune a Brescia ta ƙasar Italiya ya san hayaniyar Mille Miglia, tseren motan nan da ake tashi daga garin a je Roma a dawo, wajen kilomita 1,600. Yanzu tsofaffin motoci ne ake fito da su ana shagali, amma a da tsere ne na a mutu ko a yi rai, kuma in dai za a yi hirarsa sai an ambaci Tazio Nuvolari, mutumin Castel d'Ario kusa da Mantova, an haife shi 1892 ya rasu 1953. Da babur ya fara kafin ya koma mota. A wajen aikinmu dattawan Italiya in suka fara zancensa wallahi kai ka ce Ɗan Anace ne ke wasa Shago, kowa da irin nasa ƙarin gishirin.

To matsalar kenan in kana neman littafin tarihinsa mai kyau. Littattafan suna nan birjik, na Italiyanci da na Turanci, amma da yawansu hotuna ne masu sheƙi da maimaita labari ɗaya. Ɗauki na tseren Mille Miglia na 1930, wai ya kashe fitilun Alfa Romeo ɗinsa cikin duhu ya lallaɓo bayan abokin hamayyarsa Achille Varzi ya wuce shi ba zato. Labarin akwai daɗi, amma a wannan tseren ɗaya bayan ɗaya ake sakin motoci kuma agogo ne ke yanke hukunci, Varzi ya riga shi tashi, kenan tun da ya cim masa ai ya riga ya ci shi a lokaci ko da fitila ko babu. Littafin da ya faɗa maka wannan shi nake ganin ya cancanci kuɗinka, wanda ya ɓoye kuwa kirari ya sayar maka da tsada.

Littafin Giovanni Lurani tsoho ne, shi ma direban tsere ne kuma ya san mutumin ido da ido, saboda haka akwai ɗumi a ciki, sai dai a fili yake masoyi ne ya rubuta. Ni na fi natsuwa da rubuce-rubucen Cesare De Agostini, ɗan Mantova, duk da Italiyancin kan sa ni gumi. Kuma in ka samu hali ka je gidan tarihin Nuvolari a Mantova, a cikin wani tsohon coci yake, ga kofunansa ga rigar nan tasa ruwan ɗorawa, ga labarin ɗan kunkurun zinaren da marubucin Italiya D'Annunzio ya ba shi a 1932.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gaskiyar mutumin ba ta buƙatar ƙari ko kaɗan. A 1935 a filin tseren Nürburgring na Jamus ya shiga da tsohuwar Alfa, motocin Mercedes da Auto Union sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba kuma gwamnatin Hitler na zuba musu kuɗi, ya bi su yana cinyewa har tayar von Brauchitsch, direban Mercedes da ke kan gaba, ta fashe a zagayen ƙarshe ya yi nasara a gaban Jamusawa. Sannan 'ya'yansa maza biyu, Giorgio da Alberto, duk sun rasu suna samari, 1937 da 1946, shi kuma ya ci gaba da tsere huhunsa na ciwo ya haura hamsin. Littafin da ya tsallake wannan ɓangaren bai nuna maka mutum ba.

Nan ne nake jin kishi. Su suna da kirarin kuma suna da jaridu da sakamakon tsere da wasiƙu a ajiye, wanda ya yi ƙari akwai inda za a kama shi. Mu a gida waƙa ce ta riƙe mana Shago, kuma binciken jami'a galibi kan mawaƙi da waƙarsa yake, ba kan ɗan damben ba. 'Yan kokowar Nijar irin su Kantu da Salma Ɗan Rani ma sun cancanci littafi guda cur kowannensu, da shekaru da garuruwa da wanda ya kayar da wanda ya kada shi, kuma dattawan da suka gan su a fili suna raye wasunsu, a je a zauna da su da rikoda tun yanzu.