Ku daina auna inshorar lafiya da tutar jam'iyya

Shekaranjiya na zauna kusa da wasu samari biyu, dukansu masu ilimi, suna musu a kan dokar inshorar lafiya ta Amurka, wadda aka fi sani da Obamacare. Ɗaya ya ce duk wanda ya ƙi dokar nan ba shi da imani, so yake talaka ya mutu a bakin asibiti. Ɗayan ya ce duk mai goyon bayanta cima-zaune ne da ke son cin gumin wani. Jijiyoyin wuya suka tashi, har aka fara taɓa iyaye. Da na samu sarari sai na tambaye su: kuɗin da dokar take ci, daga aljihun wa suke fitowa? Babu wanda ya amsa. Kowa ya san jam'iyyar da ta kawo ta da wadda ta ƙi ta, iyakar saninsu ke nan.

Ƙannena, wannan hali shi ne yake ci mini rai. Mutum bai karanta ba, bai lissafa ba, ya dai leƙa ya ga tutar da ke kan magana, sai ya yanke hukunci. In 'yan ɓangarensa ne suka kawo ta, rahama ce ko nawa za ta ci. In 'yan wancan ɓangare ne, ɓarnar dukiya ce ko rai nawa za ta ceta. Kun mayar da maganar ciwo da magani tamkar goyon bayan ƙungiyar ƙwallo, inda ɗan wasanku ba ya laifi, alƙalin wasa kuma kullum an saye shi.

Ku dubi tarihin dokar da kuke zagin juna a kanta. Sashen da 'yan jam'iyyar Republican suka fi tsana a cikinta shi ne tilasta wa kowa ya sayi inshora ko ya biya tara, kafin a janye tarar daga 2019. To wannan shawara, cibiyar Heritage ta masu ra'ayin riƙau ta gabatar da irinta tun 1989. A 2006 gwamnan jihar Massachusetts, Mitt Romney, ɗan Republican, ya sa hannu a kan dokar jiha mai ɗauke da wannan tilas ɗin. Da Shugaba Obama, ɗan jam'iyyar Democrat, ya kawo makamanciyarta ga ƙasa baki ɗaya, majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 60 da 39 a Disambar 2009, ta wakilai da 219 da 212 a Maris ɗin 2010, kuma babu ɗan Republican ko ɗaya da ya ce e. A 2012 Romney ɗin nan ya tsaya takarar shugaban ƙasa yana alkawarin soke ta. Shi kansa Obama, lokacin da yake neman tikitin jam'iyyarsa a 2008, sukar tilasta wa manya sayen inshora ya riƙa yi, don Hillary Clinton ce mai wannan ra'ayi a lokacin. Kiɗa ya sauya, rawa ta sauya. Su 'yan siyasa ne, sun san abin da suke nema. Kai da kake zage-zage a bayansu, me kake nema?

Abin dariya, abin takaici: wani binciken jin ra'ayi da aka yi a 2017 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na Amurkawa ba su san cewa Obamacare da dokar da ake kira Affordable Care Act abu ɗaya ba ne. Akwai wanda zai zagi ta farko ya yabi ta biyu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ai inshora ba tsafi ba ce. Asusu ne guda da mutane da yawa suke zubawa, kaɗan da ciwo ya kama suke ɗiba. In ka hana kamfani ya kori mai tsohon ciwo, kamar yadda dokar ta yi, dole masu lafiya su shigo su zuba, in ba haka ba asusun ya cika da marasa lafiya kaɗai, kuɗin wata ya yi ta hawa har kowa ya gudu. Ke nan saurayi mai jini a jika yana biya wa dattijo mai ciwon suga, da fatan in nasa tsufan ya zo wani zai biya masa. In kuma gwamnati ta ce za ta tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi, kuɗin daga haraji ne, ko daga bashi, ko daga rage wani abu a wani wuri. Babu hanya ta huɗu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce maka za a ba kowa magani ba tare da wani ya biya ba, ƙarya yake yi. Wanda kuma ya ce maka in an bar mutane ba inshora an huta da kashe kuɗi, shi ma ƙarya yake yi, don tun 1986 doka ta hana asibitocin Amurka korar wanda aka kawo sashen gaggawa, kuma kuɗin jinyarsa a kan sauran jama'a yake komawa.

Amma ku ba wannan ne ya dame ku ba. Alƙaluma a wurinku duwatsun jifa ne. A 2010 ofishin kasafin kuɗi na majalisar Amurka, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta cewa faɗaɗa inshorar zai ci kimanin dala biliyan 938 cikin shekara goma, ya kuma ƙiyasta cewa dokar za ta rage giɓin kasafi da dala biliyan 143 a daidai wannan lokaci, saboda sababbin haraji a kan masu babban samu da rage abin da ake kashewa a shirin Medicare na inshorar lafiyar tsofaffi. Ofis ɗaya, takarda ɗaya. Wannan ɓangare ya ɗauki adadin farko yana ihu, wancan ya ɗauki na biyu yana guɗa. Haka bayan an fara aiki da ita: marasa inshora sun ragu daga kimanin kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kimanin kashi 9 a 2016, kusan mutum miliyan 20 suka samu shiga. A gefe guda, masu sayen inshora da kansu waɗanda samunsu ya wuce na samun tallafi sun ga kuɗin wata ya yi tashin gwauron zabi. Duka biyun gaskiya ne. Wanene a cikinku yake iya faɗin duka biyun a zama ɗaya? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ƙarya ma an raba ta daidai. A 2009 Sarah Palin, fitacciyar 'yar Republican, ta ce dokar za ta kafa kwamitocin da za su yanke wa tsofaffi da naƙasassu hukuncin wanda zai rayu da wanda zai mutu. Babu wannan a cikinta. Obama kuma ya yi ta nanata cewa duk mai son tsarin inshorarsa zai ci gaba da riƙe abinsa, sai ga miliyoyin mutane sun samu takardar soke nasu a 2013. Masu tantance gaskiya na PolitiFact sun ba kowanne daga cikinsu kambun ƙaryar shekara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma na lura kowannenku ƙarya ɗaya kawai yake tunawa, ta abokin gaba.

Bari in ɗan karkata, don abin yana da nasaba. Wannan ɗabi'a ta tura hoton rubutu daga waya zuwa waya ba tare da an san wanda ya rubuta ba, ita ce uwar wannan cuta. Mutum zai kwana yana kallon guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin, amma shafi biyu na bayani ya fi ƙarfinsa. Sai ya haddace manyan kalmomi, gurguzu, jari-hujja, ya riƙa jifan mutane da su, alhali in ka ce ya fassara sai ya fara kame-kame. Kayan aro ba ya rufe katara. In inshorar lafiya gurguzu ce, ku gaya mini, Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus da ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883 ɗan gurguzu ne? Babban maƙiyinsu ne, ya yi ta ne ma don ya janye ma'aikata daga gare su. In kuwa kyauta ce zalla kuke mafarki, a Birtaniya an buɗe hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, shekara uku kacal bayan haka kuɗi suka yi ƙaranci har aka sa wa haƙoran roba da tabarau farashi, minista Aneurin Bevan da ya kafa ta ya ajiye muƙaminsa don fushi.

Da ba haka ake musu ba. Mun taso mun ga manya suna saɓani mai zafi, amma mutum yana iya cewa abokin hamayyarsa, nan kam ka fi ni gaskiya, kuma girmansa bai ragu ba. Yana iya cewa ban sani ba, bari in bincika. Yanzu faɗin haka ya zama abin kunya, ɗan shekara ashirin ya san komai, ya gama yanke wa kowa hukunci kafin a rufe baki. Su ma can Amurka abin ya lalace. Lokacin da aka kafa Medicare domin tsofaffi a 1965, a zamanin Shugaba Lyndon Johnson, kusan rabin 'yan Republican na majalisar wakilai sun jefa mata ƙuri'a. A 2013 kuwa sai da aka rufe ma'aikatun gwamnatin tarayya kwana 16 saboda rigimar Obamacare. A 2017 da Sanata John McCain, ɗan Republican, ya ƙi bin jam'iyyarsa wajen soke ta, wasu 'yan gidansu maci amana suka kira shi. Ina kunya ta tafi, ina sauraro ya tafi?

Ni ban ce ku so dokar ba, ban ce ku ƙi ta ba. Amurka, ƙasar da ke kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikinta a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma har yanzu miliyoyi ba su da inshora, akwai abin tambaya a wurin kowane ɓangare. Ku nutsu, ku ji tsoron Allah a kan abin da harshenku yake furtawa, ku yi wa naku tambayar da kuke yi wa na wasu: wa zai biya, nawa, wa kuma za a bari a waje?

Talakawan can ma, in aka cire musu sunan jam'iyya daga kan takarda, wani abu daban suke yi. A 2020 mutanen Oklahoma da Missouri, jihohin da suka zaɓi Trump a wannan shekarar, sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka amince a faɗaɗa shirin Medicaid na marasa ƙarfi, wanda sashe ne na Obamacare ɗin nan. Gwamnatin tarayya ce ke biyan kashi 90 na kuɗin, jiha ta biya 10. Duk da haka 'yan majalisar Missouri suka ƙi ware nasu kason, suka ce babu kuɗi, sai da kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2021 kafin aka fara yi wa mutane rajista.