Ladan Addu'ar Ɓoye a Siton Maman Rahila

Wa'azin da fastonmu ya yi a kan Matta 6:5-6 ya kama ni sosai, domin a wurin ne Yesu ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya roƙi Ubansa wanda yake gani a ɓoye, kada ya zama kamar munafukan da suke tsayawa a bakin hanya don mutane su gan su, waɗanda sun riga sun karɓi ladansu. Sai dai ayoyin ba su faɗi abin da magidanci zai yi ba idan yana zaune a gidan haya a Tumfure, ciki da falo, da mata da yara huɗu da ƙanwar matarsa. A duk gidan, wuri ɗaya ne yake da ƙofa kuma ba kowa a ciki, wato siton da matata Maman Rahila take ajiye masara da wake da gyaɗa.

Da asuba na lallaɓa na zare kwaɗon, na shiga na jawo ƙofa, na durƙusa tsakanin buhuna. Na fara da godiya, na wuce zuwa kuɗin makarantar yara da bashin taki, ina cikin roƙon gafara sai na ji ƙarar kwaɗo. Ashe Maman Rahila ce za ta tafi addu'ar asuba a coci, ta ga kwaɗo yana reto, ta yi tsaki, ta datse shi, ta ɗaure makullin a bakin zaninta ta kama hanya.

Wanda ya san zafin Gombe a watan Maris ya san abin da ake nufi da ɗaki mai rufin kwano marar taga. Na yi niyyar jurewa, tunda Bulus da Sila ma sun rera waƙa a kurkukun Filibi, amma su ba a kulle su tare da buhun daƙaƙƙen barkono ba. Atishawa ta kama ni, ɗaya na bin ɗaya.

Maƙwabcinmu Alhaji yana dawowa daga masallaci ya ji ɗakin da yake kulle yana atishawa, nan take ya tada samarin gidan, kowa da gorarsa.

"Wane ne a ciki?"

"Ni ne, Alhaji, Baban Rahila."

"Subhanallahi! Me kake yi a sito da wannan asuba?"

Nan na shiga tsaka mai wuya. Idan na ce addu'a nake yi, na shelanta abin da aka ce in ɓoye a gaban gida guda, lada ya tafi ga kuma zufa a banza. Saboda haka na yi shiru, shirun kuwa kowa ya fassara shi yadda ya ga dama.

Sai da gari ya waye Maman Rahila ta dawo da littafin waƙoƙinta a hannu. Ta buɗe ƙofa, ta dubi jajayen idanuna, ta dubi ɓawon gyaɗar da ya manne a gwiwoyina, ta tafa hannu ta ce, "Baban Rahila, ashe kai ne? Wata biyu ina dukan yaran nan a kan gyaɗata!"

Na tuna da Hannatu a littafin Sama'ila na Fari, wadda ta yi addu'a leɓunanta suna motsi ba a jin murya, har Eli firist ya ɗauka ta bugu. Ita dai ta yi bayani, aka sa mata albarka ta tafi. Ni kuwa da na ƙi yin bayani, an yanke mini hukuncin biyan mudu shida na gyaɗa a farashin Kasuwar Gombe, ainihin ɓarawon kuma, ɗana na biyu, yana tsaye a bayan uwarsa yana girgiza kai don takaicin halin ubansa.