Ba yawan mabiya ke sa a ɗauki mai montaj ba

A Damagaram, matasa da yawa masu saka bidiyo a TikTok da Facebook suna ganin sai mabiya sun kai dubbai kafin a ɗauki mai montaj, wato mai yanka da haɗa bidiyo. Wannan kuskure ne. Lokacinka za ka auna.

Ka yi mako 2 kana rubuta awoyin da yanka da haɗa bidiyo a CapCut ke ci maka. In montaj ya fara hana ka fita ɗauka, kuma kuɗin talla ko cinikin hajarka za su biya ladan aikin, to lokaci ya yi. In ba su kai ba, ci gaba da kanka.

Sai dai mai montaj ba ya gyara abin da aka ɓata tun wajen ɗauka. Muryar da iskar hunturu ko hayaniyar Kasuwar Dole ta cinye da wuya ta dawo. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ya fi gaggawa.

Kai da mai montaj ku fara da gwajin bidiyo 1. Ku tsai da farashi, ranar bayarwa, da sau nawa zai sake gyara. Ka ba shi ainihin hotunan a katin memori, don WhatsApp yana matse bidiyo ya dusashe.