Rigar da ke ƙasan akwatinka, ta waye?

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, akwai maganar da na lura ta fara ɓacewa daga bakinmu: "ya isa." Mun iya "ƙaro mini", mun iya "sabuwa ta fito", amma "ya isa" sai ka ce ƙaya ce ta tsaya mana a maƙogwaro.

Laifi tudu ne, don haka bari in fara da nawa. Kwanaki ina lalube a durowa ina neman caja, sai ga wayoyi uku a kwance, biyu daga ciki lafiyarsu ƙalau. Ba lalacewa suka yi ba. Na ga wata ce a hannun wani, kafin gari ya waye tawa ta tsufa a idona. A cikin makon nan kuma na ji wata 'yar'uwa a ƙungiyar mawaƙanmu ta rasa kiran aikin da ta daɗe tana jira, don wayarta ta mutu, ba ta da halin sayen wata. Benci ɗaya muke zama kowace Lahadi. Ban sani ba, domin ban taɓa tambaya ba.

Kada mu ruɗi kanmu, wannan ƙishirwar ba haka kawai take zuwa ba. Manhajojin da ke wayarka suna lura da inda babban yatsanka ya tsaya, da daƙiƙa nawa ka yi kana kallon takalmi, gobe takalmin nan ya biyo ka duk shafin da ka shiga. Ka ce ba kuɗi, a ce ɗauka yanzu ka biya kaɗan-kaɗan. Tun tuni Karin Magana 22:7 ta gama magana: mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. Arhar ma da muke rububi, wani ne ya biya. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, ya kashe mutum sama da 1,100, yawancinsu masu ɗinka tufafin da ake kaiwa manyan kantunan duniya.

Ku duba yadda Allah ya horar da Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16. Manna, abincin da Allah ya ba su, na sauka kowace safiya, awon omer ɗaya ga kowane mutum, sai ran jajiberin Asabar a ɗebi ninki biyu. Waɗanda suka ɓoye don gobe, suka wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Shekara 40 ana koya wa al'umma guda ma'anar "ya isa". Abin da ya fi burge ni shi ne inda Manzo Bulus ya ɗauko wannan labari: a 2 Korintiyawa 8, yana tara gudummawa domin matalautan ikilisiyar Urushalima. Ya tuna musu cewa wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan kuma bai rasa ba. Wato a wurin Bulus, rarar da ke hannunka tana da mai ita, ajiya ce kawai aka ba ka.

Mai arzikin nan na misalin Yesu a Luka 12 kuwa, wanda ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya don ya tara amfanin gonarsa, ku sake karanta shi a hankali, ku ƙirga sau nawa ya ce "nawa". Amfanin gonata, rumbunana, kayana, raina. Da wa ya yi shawara? Da kansa. Babu maƙwabci a zancensa, babu ma'aikatan da suka yi masa girbi. A misalin, Allah bai ce ɓarawo ba ne, wawa ya kira shi. Kuma irin mutumin da kasuwar zamani ta fi so ke nan: shi kaɗai, tsakar dare, daga shi sai hasken waya, ba wanda zai ce masa "haba ɗan'uwa, ba ka da irinta?"

Wajen shekarar 369 aka yi yunwa mai tsanani a Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Basil na Kaisariya, wani malamin ikilisiya, ya yi wa'azi a kan wannan misalin na rumbuna, ya gaya wa masu ɓoye hatsi cewa abincin da suka riƙe na mai jin yunwa ne, rigar da suka kulle a akwati ta marar sutura ce, takalmin da ke ruɓewa a ɗakinsu na mai tafiya ba takalmi ne. Bai tsaya a baki ba: ya ciyar da mayunwata, daga baya ya gina masauki da wurin jinya a bayan birnin. Ranar da na ga wayoyin nan, shi na tuna, kunya ta rufe ni.

Ba ina cewa mu tsani abu mai kyau ba ne. Ubangijinmu ya je biki a Kana, har ya fid da masu bikin kunya. Talauci ma ba tsarki ba ne. Agur a Karin Magana 30 roƙo ya yi kada a ba shi talauci ko dukiya, a ba shi abincin da zai ishe shi. Kamunkai kuma yana cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5, tare da ƙauna da farin ciki, ba a gefe ba. Amma ni dai na gwada kama kaina ni kaɗai, na sha ƙasa. Sai da muka yi alkawari da wasu 'yan'uwa biyu: duk wanda zai sayi babban abu ya jira kwana bakwai, ya kuma faɗa wa sauran. Sau da yawa kafin mako ya zagayo sha'awar ta mutu da kanta.

A ƙarni na 6, Benedik na Italiya ya kafa wa sufayensa ƙa'ida: riga biyu ta isa, saboda kwana da wanki, kuma duk wanda aka ba sabuwa ya mayar da tsohuwar nan take a ajiye wa matalauta. Wannan ta biyun muka ara. Wayoyin nan biyu sun bar durowata, ɗaya tana hannun 'yar'uwar nan. Da na miƙa mata, ta yi godiya, sannan ta tambaye ni tun yaushe take ajiye. Na ce shekara biyu. Ba ta ce komai ba.