Ranar da Na Zana Fuskata

Laifin wayata ne. Ina cikin latse-latse na ci karo da hoton da Van Gogh, mai zanen nan mutumin Holan, ya zana na fuskarsa a 1889. A bayansa shuɗi na ta murɗewa kamar guguwa, ga jan gemu, ido kuwa kamar wanda ya kwana uku bai runtsa ba. Ashe ya zana kansa fiye da sau 35, galibi don ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna masa ya zana shi. Na ce in dai rashin kuɗi ne sharaɗin, ai na gama cika shi.

Na je wurin mai fenti na karɓo gwangwani biyu bashi, shuɗi da ruwan ɗorawa. Fentin ƙofa ne, sai daga baya na gane. Burushin ma na shafen bango ne, faɗinsa ya kai tafin hannu. Na jingina madubin uwargida a jikin randa, na zauna na ɗaure fuska.

Shi Van Gogh gajerun layuka yake ajiyewa masu kauri, suna bin ƙashin fuska. Ni kuwa laftawa na yi. Na sa shuɗi a ƙarƙashin ido don a san mai zurfin tunani ne, ruwan ɗorawa a goshi don a ga akwai sauran fata. Su biyun suka gangaro suka haɗu a kumatu, fuskar ta koma kalar miyar kuka. Kafin la'asar hancina ya zubo har haɓa.

Uwargida ta leƙo, ta ce, "Maigida, wannan wane bawan Allah ne? Allah ya ba shi lafiya." Autanmu kuwa ko tambaya bai yi ba, ya ruga ya ɓuya a bayanta.

Sai ga Hajiya. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Kai ne," in ji ta. "Ga kunnuwan babanka nan. Nawa ake bin ka?"

"Hajiya, fasaha ce. Launi ne ke bayyana abin da ke cikin zuciya."

"To ai ya bayyana. Na ce nawa?"

Ban kai ga buɗe baki ba muka ji sallama a zaure. Yaron mai fenti ne.