Haruffan Kwamfuta: Akwai Na Ci, Akwai Na Zubarwa

Duk wanda ya taɓa zama ajin koyon kwamfuta ya san yadda darasin farko yake. Malami zai cika allo da haruffa, CPU da RAM da ROM da USB da HTTP, ya ce a haddace abin da kowanne yake nufi, ranar jarrabawa kuma a zubo masa. Ɗalibi ya ci goma bisa goma, ya fito, amma bai san abin da ya sa wayarsa take nauyi ba idan ya buɗe manhajoji da yawa, alhali amsar tana cikin RAM ɗin da ya haddace. A ganina wannan hadda asarar lokaci ce. Sunayen da ke cikin wannan fage akasarinsu ba bayani suke yi ba, tarihi suke ɗauke da shi, kuma sai ka san tarihin za ka gane wane suna ne za ka bari ya wuce, wane ne kuma ake shirin cutar ka da shi.

Mu fara da RAM ɗin. Fassarar haruffan ita ce ma'ajiyar da ake iya isa kowane gurbi nata kai tsaye. To, me wannan ya gaya wa ɗan koyo? Babu. Sunan yana da ma'ana ne a zamanin da ake ajiye bayanai a kan zaren kaset, inda kafin ka kai ga abin da ke tsakiya sai ka naɗe duk abin da ke gabansa. Wanda ya sha wannan wahala, idan aka ce masa ga ma'ajiyar da ba a naɗewa, ya fahimci an yi masa albishir. Amma abin da mai waya yake bukatar sani a yau shi ne RAM wurin aiki ne na wucin gadi, kuma da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke cikinsa ya tafi. Wannan ba ya cikin haruffan ko kaɗan. ROM ma ya fi ban dariya. Ma'anarsa ma'ajiyar da karantawa kawai ake yi, ba a rubutu a ciki, amma masu tallar wayoyi da wannan suna suke kiran rumbun da kake zuba hotuna kana gogewa kullum. Ɗalibin da ya riƙe fassarar da gaskiya, fassarar ce za ta ɓatar da shi.

Akwai ma waɗanda ba su da fassarar sam. A 1999 kamfanonin da ke ƙera kayan sadarwa marasa waya suka ga ba wanda zai shiga kanti ya ce a ba shi IEEE 802.11b, sai suka ɗauki hayar wani kamfanin raɗa sunayen haja mai suna Interbrand, shi ne ya fito musu da Wi-Fi. Daɗin faɗi kawai aka duba. Wani taken talla da aka liƙa masa na ɗan lokaci ne ya haifar da fassarar nan ta "Wireless Fidelity" da har gobe ake tambaya a jarrabawa. GSM kuwa asalinsa sunan wani kwamiti ne da hukumomin sadarwa na Turai suka kafa a 1982, kuma da Faransanci aka raɗa shi. Da fasahar ta bazu sai aka bar haruffan yadda suke, aka nemo musu sababbin kalmomin Turanci da suka dace da su. Wato riga aka fara ɗinkawa, sannan aka nemo mai sawa. Bluetooth laƙabin Harald ne, sarkin Denmak na ƙarni na 10 wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Wani injiniyan Intel, Jim Kardach, ya kawo shi a matsayin sunan riƙo kafin a sami na dindindin, shi ke nan ya zauna. Alamar nan mai shuɗi da ke saman wayarka haruffan farko ne na sunan sarkin a tsohon rubutun mutanen arewacin Turai.

Ban ce a watsar da tarihin waɗannan sunaye ba. Shi ne ma abin da nake so a koyar, domin ya fi haddar amfani nesa ba kusa ba. Ita kanta kalmar kwamfuta sunan sana'a ce kafin ta zama sunan na'ura: mutum ne da ake biya ya zauna da takarda da fensir yana lissafi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata da yawa sun yi wa sojojin Amurka wannan aiki, suna lissafa inda harsashin igwa zai faɗa. Da aka gina ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, dodon na'ura mai kwalaben lantarki kusan 18,000 da aka nuna wa duniya a Fabrairun 1946, daga cikin waɗannan mata aka zaɓi shida suka tsara mata ayyukanta. Na'urar ta gaji aikinsu, ta gaji sunansu. Yaron da ya ji wannan labari ya gane cewa kwamfuta mai lissafi ce da ke bin umarni daki-daki, kuma wannan fahimta za ta raka shi har tsufa.

Haka algoridim, kalmar da yanzu ake ɗora wa laifin duk abin da Facebook ko TikTok suka nuna maka. Sunan mutum ne, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, malamin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Turawa suka fassara ayyukansa zuwa Latin, harshensu ya lanƙwasa sunan, a hankali ya koma nufin jerin matakan warware matsala. Idan ka san haka, tsoron kalmar ya ragu: matakai ne da wani ɗan Adam ya tsara, kuma ana iya tambayarsa me ya sa ya tsara su haka. Sai kuma kalmar nan ta "bug", wato ƙwaro, da masu rubuta manhaja suke kiran kuskure da ita. Ana yawan cewa ta samo asali ne a 1947, ranar da masu aiki da na'urar Mark II a Harvard suka ciro wani ƙwaro irin mai bin fitila daga cikinta, suka manna shi a littafin rahotonsu. Ƙwaron gaskiya ne, yana nan a gidan tarihi. Sai dai Thomas Edison ya riga ya yi amfani da kalmar da wannan ma'ana tun 1878. Abin da ya ba mutanen Harvard dariya shi ne yau ga karin magana ya zama zahiri.

Wasu sunayen kuma kufai ne kawai, ba sa cutar da kowa. Alamar adana aiki a manhajoji da yawa hoton wani ƙaramin faifai ne mai ɗaukar megabayit 1.44, wanda hoto ɗaya na wayar zamani ba zai shige shi ba. Babban rumbun Windows yana amsa sunan C ne saboda A da B na waɗannan faifai ne. CC na saƙon imel daga takardar kabon ta zamanin keken rubutu ya fito. Waɗannan a bar su su sha iska.

Inda nake so a tsaya da kyau shi ne inda suna yake taɓa aljihu. Bit shi ne mafi ƙanƙantar awo, ko sifili ko ɗaya. Bayit kuwa bit takwas ne, kuma Werner Buchholz na IBM, wanda ya raɗa kalmar a 1956, da gangan ya sauya mata harafi don kada a rikita ta da bit. Bai tsira ba. Kamfanonin intanet da megabit suke faɗin saurin layinsu, girman fayil kuma da megabayit ake auna shi, bambancin a rubuce bai wuce ƙaramin b da babban B ba. Wanda aka sayar wa layi mai gudun megabit 40 yana zaton fayil mai nauyin megabayit 40 zai sauka a daƙiƙa ɗaya, alhali ko layin ya cika alkawari megabayit biyar kawai yake saukewa a daƙiƙa. Ba a yi masa ƙarya ba, an dai bar shi ya yi wa kansa.

Ga kuma rikicin kilo. A awo na yau da kullum kilo dubu ne cif. Amma kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, kuma idan ka jera biyu sau goma kana ninkawa 1,024 za ka samu. Injiniyoyin farko suka ga ya yi kusa da dubu, suka ara masa sunan kilo. A kan ƙaramin adadi ratar ba ta da yawa, amma tana girma daga mega zuwa giga zuwa tera. Shi ya sa za ka sayi rumbu an rubuta terabayit ɗaya a kwalinsa, ka jona, Windows ta nuna maka wajen giga 931. Mai ƙerawa da dubu ya ƙirga, manhajar da 1,024. Har kotu an je a Amurka kan wannan. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fito da sababbin sunaye a 1998, kibi da mebi da gibi, don a raba gardama, amma yau shekara fiye da ashirin ke nan, sau nawa ka ji wani ya faɗe su?

Na USB kuwa ya wuce kuskure, ya kusa zama wasa da hankali. An fito da USB 3.0 a 2008. Daga baya aka sake masa suna USB 3.1 Gen 1, aka kuma sake mayar da shi USB 3.2 Gen 1, saurinsa kuma yana nan inda yake, gigabit biyar a daƙiƙa. Mai saye ya ga lamba ta ƙaru, ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. USB-C da ake ta yayi ma siffar bakin ce kawai. Igiya biyu masu baki iri ɗaya, ɗaya tana iya gudu irin na USB 2.0 na shekarar 2000, ɗayar ta ninka ta sau da yawa.

Na san abin da injiniya zai ce: ba don taƙaitattun sunaye ba, da aiki bai yiwu ba. Gaskiyarsa. Mutanen da suka mayar da ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, kan ƙa'idar aika bayanai ta TCP/IP ranar 1 ga Janairun 1983 suna bukatar gajeren suna da duk za su gane, kamar yadda kowace sana'a take da yarenta. Wani lokaci ma harafi ɗaya yana da nauyi, kamar S ɗin ƙarshen HTTPS da ke nuna an kulle saƙon da ke tsakaninka da shafin. Amma ko a nan, aikin harafin ne abin sani, kuma ya kamata a ƙara wa ɗalibi cewa shafin ɗan damfara ma yana iya samun wannan S ɗin. Matsalar tana farawa ne idan yaren ma'aikata ya fito kasuwa, mai talla ya karɓe shi, aka miƙa wa wanda bai san inda aka faro ba.

An ce suna linzami, kuma sunaye biyu ne suka fi jan mutane a yanzu. Na farko gajimare, wato "cloud". Asalinsa zane ne: injiniyoyi idan suna zana taswirar sadarwa, ɓangaren da ba su damu da cikinsa ba sai su yi masa siffar gajimare su wuce. Yau an ce maka hotunanka suna gajimare, sai ka ji kamar suna wani wuri marar mai shi. Suna cikin gini ne, a kan na'urorin wani kamfani, suna shan wutar lantarki, ƙarƙashin dokar ƙasar da ginin yake. Na biyu AI, ƙirƙirarriyar basira. John McCarthy ne ya sa sunan a takardar neman tallafi ta 1955, don taron da aka yi a Kwalejin Dartmouth a 1956. Tun daga lokacin haruffan nan biyu sun rufe abubuwan da ba su da haɗi sosai: na'urar Deep Blue da ta doke Garry Kasparov a dara irin ta Turawa a 1997, da manhajar da ke tace saƙonnin banza daga imel, da manhajojin hira na yau da aka horar da ɗimbin rubutu don su yi hasashen kalmar da za ta biyo baya. Yanzu har injin wanki da buroshin haƙori ana manna musu. Ɗalibin da ya haddace fassarar zai sami makinsa, amma idan mai talla ya ce masa hajarsa tana da AI, fassarar ba za ta sa ya tambayi wane irin aiki take yi ba, da me aka horar da ita, kuma ina bayanansa suke zuwa idan ya danna.