Ƙannena masu rubuta manhaja a Zariya, ku auna da mudun kowa

Assalamu alaikum ƙannena na Samaru da Kongo. Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a tsakaninku, kuma tana damuna ƙwarai. Yaro zai rubuta ɗan shirin umarni a Ubuntu ɗinsa, wato babbar manhajar Linux da ke tafiyar da kwamfutarsa, ya ga ya tashi, ya ɗora a GitHub, shafin da ake raba manhaja, ya ce ya ba jama'a. Wani ya sauke a wata babbar manhajar daban, kamar macOS ta Apple ko FreeBSD, abu ya ƙi motsi. In an yi masa magana sai ya ce, "Ai a tawa yana yi." Haba ƙanena! To don kwamfutarka kaɗai ka saki manhajar? Kun ce manhaja mai 'yanci kuke yi, amma wanda kuka ba ya kasa amfana.

Tun 1988 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar POSIX, domin shirin da aka rubuta a wata babbar manhaja mai tsarin Unix (irin su Ubuntu, macOS da FreeBSD) ya yi aiki a 'yar'uwarta. Richard Stallman, wanda ya fara GNU a 1983, wato aikin samar da babbar manhajar da kowa zai iya amfani da ita ya kuma gyara ta, shi ya ba da shawarar sunan. Mudu ne da kasuwa ta yarda da shi.

Ku duba inda kuke tuntuɓe. Mutum ya rubuta sh a layin farko, wato ya ce mai karanta umarni na ƙa'ida ya tafiyar da shirin, sannan ya cika ciki da salon bash, mai karanta umarni na GNU, alhali tun 2006 sh na Ubuntu wani ne mai suna dash, wanda bai san wannan salon ba. Bash ɗin da ke zuwa da macOS kuwa tsohon 3.2 ne. Umarnin sed -i ma, mai gyara rubutu a cikin fayil, yadda GNU ke karɓarsa daban, na BSD (dangin su FreeBSD) daban. Alpine, wata ƙaramar Linux da ake yawan sawa cikin Docker (manhajar ƙunshe shirye-shirye), ɗan tarin umarnai mai suna BusyBox take zuwa da shi, babu bash sai ka saka.

Ban ce ku guji ƙarin da GNU ta yi ba, yana da amfani sosai. Su kansu ba ko'ina suke bin POSIX ba: umarnin df ɗinsu, mai nuna sauran wurin ajiya a kwamfuta, da ma'aunin byte 1024 yake ƙirga, ƙa'ida ta ce 512, sai suka tanadi saitin POSIXLY_CORRECT ga mai son ya bi ƙa'idar. Ba su ɓoye ba, sun rubuta a fili. Ku ma in bash kuke nufi, ku rubuta bash, ku faɗa a bayanin manhajar.

Don Allah kafin ka ɗora komai, ka bi da shi ta ShellCheck, manhajar da ke gano kurakurai a shirin umarni, ka gwada da dash, sannan ka roƙi abokinka mai wata kwamfutar daban ya gwada maka a tasa.